Ɗakin da Na Yi wa Injin Baba

"Ka faɗa wa ubanka ni ba kurma ba ne, kuma ba ni da niyyar zama!"

Tela ne, maƙwabcinmu, tsaye a ƙofar shagon niƙa da tef ɗin awo a wuya. Inji yana aiki, magana sai da ihu.

Baba ya dube ni. "Auta, me ya ce?"

Na kai bakina kunnensa na hagu, wanda ya fi dama-dama. "Ya ce ƙarar ta yi yawa."

"Ka ce masa shi ya tarar da injin a layin nan. Injin bai tarar da shi ba."

Wannan ba sai na isar ba. Baba ba ya jin muryar kansa, don haka har mai faci a bakin titi ya ji.

"Na tarar da inji, ban tarar da wannan akwalar ba!" in ji Tela. "Jiya agogon bango ya faɗo. In na ajiye almakashi a nan, sai in waiwayo in gan shi can, yana tafiya da kansa kamar wanda aka aika. Kwana goma da matata ta haihu, yaron nan bai san mene ne barcin rana ba."

"Me ya ce?"

"Agogonsa ya faɗo."

"Ƙusarsa ce ta banza. Me tela ya sani a kan ƙusa?"

Tela ya nuna Baba da yatsa. "Mai-inji, girman furfurarka nake gani. Ko da yake ban san wace ce furfura, wane ne gari ba."

"Me ya ce?"

"Yana gaishe ka."

"Ƙarya kake. Bakinsa bai yi kama da na gaisuwa ba."

Matan da ke layi da kwanukansu suka kwashe da dariya. Tela bai yi ba. Ya sauke murya har sai da na karanta a leɓensa. "Na kai ƙara ofishin masu kula da muhalli, Auta. Ban so ba. Za su zo."

Wannan na isar da ita yadda take. Baba ya juya ya ci gaba da tura masara cikin bakin inji.

Aikina ke nan. Shekara uku da gama sakandare, ni ne kunnen Baba. Mai niƙa ta ce a yi laushi, in faɗa masa. Ta ce a ɓarza, in faɗa masa. A zage shi, in tace, in ba shi abin da ya rage. Shekara talatin a gaban inji sun cinye masa kunnuwa. Ni uku kacal na yi, amma in muka rufe shago akwai wani siririn kuka da ke raka ni gida, kamar sauro ya maƙale a cikin kaina. Ban faɗa wa kowa ba.

Akwai takarda a ƙasan akwatina. Makarantar koyon aikin lantarki ta ba ni gurbi, tafiyar yini guda daga nan. Bara ma sun ba ni, na roƙa aka ɗaga mini saboda Baba ya kwanta ciwo. Bana sun ja layi a ƙarƙashin jimla ɗaya: wanda bai zo ranar Litinin ta farkon wata ba, an ba wani. Ba a ɗagawa sau biyu.

A gida mun riga mun gama magana. Yaya, wadda ke aure a bayan layinmu, za ta riƙa zama a shago tana ji wa Baba mutane. Da na tambayi Baba wa zai ji masa inji, dariya ya yi.

"Mutane ne ba na ji. Ni da injin nan mun san juna. Tafi abinka."

Kuma gaskiya ne. Kafin ni mai kunne in ji bel ya fara santsi, Baba ya riga ya miƙa hannu. Kafin dutse ya fara cin ɗan'uwansa, ya sassauta. Dutsen inji ƙarfe ne, suna kawai ya gada, kuma in biyun suka haɗu ba hatsi a tsakani, niƙa juna suke yi. Ban taɓa tambayar yadda yake sani ba. Na ɗauka sabo ne, kamar rashin sa takalminsa. Yaya ta sayo masa takalman roba masu kauri, ya rataye su a ƙusa har gizo-gizo ya yi gida a ciki. Kullum wuri ɗaya yake tsayawa, a gefen bakin inji, inda siminti ya goge ya yi sulɓi daidai tafin ƙafa biyu.

Matar ofis ta zo ranar Alhamis. Gajeriya ce, ba ta da yawan magana. Ta fito da wata na'ura mai kama da tocila, da baƙin soso a kanta. Ta ɗaga a cikin shago, ta rubuta. Ta ɗaga a titi, ta rubuta. Sannan ta shiga ɗakin Tela, wanda bango ɗaya ya raba mu, ta ce a ba ta ruwa a kofi. Ba ta sha ba. A kan teburin ɗinki ta ajiye. Muka tsaya muna kallon ruwan yana rawa, kofin yana jan jiki a hankali zuwa bakin tebur.

"Ƙarar taku iri biyu ce," ta ce da ni. "Akwai mai bin iska, akwai mai bin ƙasa. Na ba ku sati uku. In na dawo lambar nan ba ta sauka ba, ko ruwan nan bai kwanta ba, kwaɗo zan sa."

Sati uku, Alhamis ke nan. Litinin ɗina kwana huɗu bayanta.

Da yamma Yaya ta same ni a bayan shago ina kankare dutse.

"Ka san in aka rufe ba inda za ka?"

"Na sani."

"Baba ba zai iya zaman gida ba. Wata ɗaya ya yi a kwance bara, ka ga yadda ya koma, ko magana sai an ja. Ni ga miji ga yara, ba zan iya da shi ni kaɗai ba."

"Na ce na sani, Yaya."

"To ka daina kumbura mini fuska kamar ni na kai ƙara. Ba kai ne ɗan kimiyya ba? Duk shekarun da ka yi kana jan littafin nan mai kaurin bulo, ba abin da ya ce a kan ƙara?"

Ya ce. Shafi ɗaya da rabi. Abin da na fi tunawa ba ya cikin littafin ma. Malaminmu na kimiyya ya taɓa kai mu wani ɗaki da ba komai a ciki, ya tafa hannu, ƙarar ta dawo mana. Ya kai mu ɗakin da ake tara katifun 'yan kwana, ya sake tafawa, ta mutu nan take. Ya ce abu mai nauyi tare ƙara yake yi, abu mai laushi mai ƙananan ƙofofi shanye ta yake yi, kuma ɗaya ba ya aikin ɗaya. Ana sayar da mai shanyewar a shagunan kayan gini, wani soso mai tudu-tudu. Na je na gani. Na taɓa. Na fito.

Da bokitin fenti mai murfi na fara. In cusa abu a ciki, in sa wayata a tsakiya, in rufe, Yaya ta kira. Ni kuma ina ja da baya ina ƙirga taku har in daina ji. Bokiti ba komai, taku goma sha tara. Audugar rimi daga wurin mai katifa, sha ɗaya, amma da na kusanta mata ashana ta tashi kamar fetur, na manta da ita. Gashin kwakwa sha huɗu. Ya cika kaushi, ƙara tana ratsa shi. Buntun shinkafa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Sai na je wurin masu tufka igiya na kwaso ragowar rama da suke sharewa su zubar. Taku tara. Na danna ta da ƙafa ta yi tauri, don ina zaton yawa ne magani. Ta koma sha biyu. Na zazzage, na tsefe ta da matajin Yaya, na mayar sako-sako. Bakwai.

"Kai, ka cinye mini caji," in ji Yaya. "Matajin nan kuwa na bar maka, ka gaje shi."

"Sake kira."

"Mijina ma bai taɓa samun kira arba'in daga gare ni a yini ɗaya ba."

"Sake kira, Yaya."

Abin da na tsara ɗaki ne a cikin ɗaki. Injin dizal, wanda shi ne babban mai ihu, zai shiga ciki. Bel kawai zai fito ta wata tsaga ya je wurin dutse. Bangon waje tsofaffin katakai ne, ruɓi biyu. Daga ciki firam-firam cike da rama, da tazarar yatsa huɗu tsakaninsu da katako, don na gwada a bokiti na ga tazarar tana rage taku guda. Hanyar iska na lanƙwasa ta sau biyu, na shimfiɗe ta da rama. Kusa da salansa ban sa ko zare ɗaya ba, kwano na buga. Ramar duka na jiƙa ta a ruwan alif, na shanya a kan rufi, don in wuta ta taɓa ta yi ci a hankali maimakon ta tashi.

Kwana tara ina tsifa. Ƙurar rama ta shiga mini hanci, ta shiga ido, hannuwana suka yi ƙuraje. Mata suna wucewa suna tambaya ko kitso na koma.

Firam talatin da biyu, kowanne yana bukatar riga, in ba haka ba rama za ta zubo cikin garin mutane. Na tara tsofaffin buhunan rama na ɗauka a kai na shiga wurin Tela.

"A'a, ɗan abokin gaba. Me ya kawo ka?"

Na sauke. Na yi bayani.

"Wato ni na kai ƙara, ni kuma zan ɗinka wa mai laifi riga."

"Kai za ka yi barci."

Ya ja tsaki, ya juya buhu ɗaya ya duba. "Wannan zai karya mini allura." Ya ɗinke duka. Allura huɗu ya karya, kowacce sai ya kawo mini gawarta har shago ya nuna mini.

Baba bai hana ba, bai taya ba. Yana niƙa, yana kallona ta gefen ido. Ranar da na fara jera firam ya leƙo.

"Har da katifa? Ni ubanka ma ba ka taɓa yi mini ɗaki irin wannan ba."

Da na rufe ƙofar ɗakin karo na farko, sai da na ɗauka injin ya mutu. Bai mutu ba. Ihun ne ya koma gurnani. Na ƙara rataye firam shida a ƙarƙashin kwanon rufi, ƙarar dutse ma ta daina yawo a kanmu. Wata mata ta buɗe baki za ta yi ihun da ta saba, ta ji muryarta, ta ji kunya.

Na ruga ɗakin Tela na ce a ba ni ruwa a kofi.

Yana rawa. Ko kaɗan bai ragu ba.

Saura kwana biyar. Na durƙusa na bi daɓen da ido. Siminti ɗaya ne aka zuba tun kafin a raba ɗakunan, ya bi ta ƙarƙashin bango har ƙarƙashin keken Tela, kuma a jikinsa aka ɗaure inji da dutse da manyan notuna. Duk ramar duniya ba za ta taɓa wannan ba. Sai an raba ƙarfe da ƙasa.

A nan gashin kwakwa ya sami aiki. Kaushin da ya sa ya faɗi a bokiti shi ake so: a danna shi, ya dawo. Na kitsa shi tabarma-tabarma, kaurin tafin hannu, na jera da yankakkun tsohuwar taya a tsakani, da katako mai nauyi a sama. Na kira bakanike ya zo da jak.

Muna kwance noti na farko Baba ya riƙe mini hannu.

"Kar ka ɗaga shi daga ƙasa."

"Dole ne, Baba. Ta ƙasa yake shiga ɗakin Tela."

"Me?"

"Ta ƙasa yake bi!"

"Na sani," ya ce.

Bai sake ni ba. Ya daɗe yana kallona, gari a girarsa.

"Takardar taka, Litinin ce?"

Na gyaɗa kai.

Ya saki hannuna. "To ɗaga."

Na ɗauka tsoron kada injin ya goce yake yi. Har na nuna masa yadda za mu ɗaure shi a jikin katakon. Ya ce ya gani.

Alhamis matar ofis ta dawo. Ta ɗaga na'ura, ta duba, ta girgiza ta, ta sake ɗagawa. Ta buɗe ƙofar ɗakin inji, ihu ya fito, ta rufe, ya koma. Sau uku tana yi. A ɗakin Tela aka kawo kofi. Ruwan ya kwanta lum, har ina ganin fuskata a ciki. Jaririn yana barci a kan gado, baki buɗe. Tela da raɗa yake magana, yana daƙuwa ga duk wanda ya taka da ƙarfi.

"Wa ya yi aikin nan?" in ji matar.

"Ni."

"Da me?"

"Rama. Da gashin kwakwa."

Ta shafa buhun. "Me kake karantawa?"

"Ban fara ba tukuna."

"To ka fara. Kar ka tsaya a nan." Ta sa hannu a takarda ta tafi.

Yaya ta riƙa dukan kafaɗata tana cewa ashe littafin ba bulo ba ne. Tela ya shigo shago, abin da bai yi ba a shekara biyu, ya miƙa wa Baba hannu. Baba ya karɓa. Yana tsaye a wurinsa na kullum, amma bai natsu ba. Ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya ajiye. Ya matsa gaba kaɗan, ya dawo. Yatsun ƙafarsa suna ta lalube a kan siminti. Na gani. Ban tsaya a kai ba. Ina lissafin abin da zan sa a jaka.

Washegari da hantsi ina bayan shago ina tattara ragowar rama, sai na ji sautin ya canza. Ƙarfe a kan ƙarfe. Na jira in ji an sassauta. Ba a sassauta ba. Na jira numfashi ɗaya, biyu. Warin ƙonewa ya iso ni.

Na shigo da gudu. Hatsi ya ƙare a bakin inji, dutse yana cin ɗan'uwansa, Baba kuwa ya ba shi baya yana ɗaure buhu, a tsaye a kan sawunsa. Na ture shi na murɗa, na sassauta dutse. Garin da ya zuba a kwanon matar ya yi toka-toka da ƙurar ƙarfe.

"Wannan zan kai wa iyalina?" in ji ta. "Ƙusa za su ci?"

Baba bai dube ta ba. Fuskata ya duba don ya san abin da ya faru. Sannan ya dubi dutse. Sannan ya sunkuya ya dubi ƙafafunsa.

Na tuna yatsun nan da na gani jiya suna lalube a kan siminti.

Na sallami matar da namu garin. Na kashe inji. Shagon ya yi tsit, irin shirun da ni na ƙera shi.

"Da ƙafa kake ji," na ce. Ban ɗaga murya ba. A leɓe ya karanta.

"Da me kake zato?" Ya zauna a kan buhu. "In bel ya yi santsi, diddige ne ke fara sani. In dutse ya matse, yatsu. In mai ya yi ƙasa, har gwiwa nake jin sa. Yanzu kamar a kan gawa nake tsaye."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Me?"

Na matsa kunnen hagu. "Me ya sa ba ka faɗa mini ba!"

"In faɗa ka yi me? Ka bar mata ta sa kwaɗo?" Ya karkaɗe gari daga gwiwarsa. "Zan saba. Ido yana nan."

Ido yana nan, amma wuri ɗaya kawai ido yake kallo. Injin kuwa na kulle shi a ɗaki.

Asabar na yini ina neman hanya. Na ɗaura sandar ƙarfe a jikin inji, na fito da ita ta tsagar bel, na haɗa da wani katako na ce Baba ya hau. Ya hau, ya rufe ido. Na sassauta bel da gangan.

"Ka ji?"

"Ƙaiƙayi kawai yake mini." Ya sauka. "Shekara talatin na yi ina koyon simintin nan, Auta. Katakonka wani yare yake yi."

Na sauke sandar ta taɓa daɓe. Fuskar Baba ta ɗan saki. Ba a yi minti biyu ba Tela ya buga bango. Na ɗage ta.

Na kira Yaya na tsayar da ita kusa da dutse. Na matse. "Kin ji?"

"Na ji me?"

Na sassauta. "Yanzu fa?"

"Wallahi duk duru-duru ɗaya nake ji."

"Ki saurara mana!"

"Kar ka yi mini tsawa, na girme ka da shekara tara. Kai kwana nawa ka yi kafin ka iya?"

Fiye da shekara. Ban faɗa ba.

Na tambayi bakanike ko ya san wani da zai iya tsayawa da Baba. Ya ce waɗanda suka san kukan inji iri biyu ne: masu nasu injin, da waɗanda suka kurumce.

Da yamma na zauna ni kaɗai a cikin ɗakin ramar, inji a kashe, ƙofa a rufe. Aiki ya yi kyau. Ba na jin titi, ba na jin keken Tela. Abu ɗaya kawai ya rage, sauron nan na cikin kaina, kuma a nan ya fi ƙarfi. Na dubi notunan. Awa biyu sun isa in zare tabarmar kwakwa in mayar da ƙarfe ƙasa. Baba ya sami ƙafafunsa, Tela ya sami kofinsa mai rawa, matar ofis ta dawo da kwaɗo. In bar ta kuwa, shago yana buɗe, mai shago ba ya ji. Na juya abin ta ko'ina. Kowace ƙofa na buɗe, ni ne a tsaye a bayanta.

Lahadi ba wanda ya ta da maganar. Yaya ta wanke mini kaya ta goge. Baba ya ba ni tsohon agogonsa, ya ce a makaranta ba a jiran mutum. Na ce ko in ƙara kwana biyu in ga yadda za su yi. Ya ce bai ji ba. Na maimaita a kunnen hagu. Ya ce har yanzu bai ji ba.

Litinin mota za ta tashi ƙarfe tara. Takwas da kwata na biyo ta shago da jaka a kafaɗa, takardar a aljihun gaba. Yaya tana zaune a benci a bakin ƙofa, tana jera kwanukan mata bi da bi. Mata huɗu suna hira da muryar gida. Ta tagar Tela ana jin keke yana tafiya sumul.

Baba yana gefen bakin inji. Ya sa takalman roba. Ya kakkaɓe gizo-gizon, ya ɗaure su tsaf. Idonsa ba ya barin hatsi, kamar sabon ɗan koyo.

Tun daga bakin ƙofa na ji shi. Can ƙarƙashin gurnanin, wani ƙaramin abu. Ƙwas. Shiru. Ƙwas. Boris ne, ƙarfen da sandar inji ke juyawa a cikinsa, na wajen bel. Ba yau ba. Kwana uku, ko sati. Zai yi zafi, ya cije, bel ya tsinke ya yi bulala, kuma inda yake zuwa in ya tsinke na sani, don ni na yanka tsagar. Daidai inda Baba yake tsaye.

Na dubi Yaya. Tana dariya da wata mata. Na dubi matan. Ba wadda ta ɗaga kai.

In na faɗa, sai an kashe, an buɗe ɗaki, an sauke bel. Baba ba zai bari bakanike ya taɓa ba sai ina wurin ina ji. Rana ta yi tsaka ke nan, mota ta kai rabin hanya. Zan iya raɗa wa Yaya in wuce. Wannan na yau ne. Na jibi ba mai jin sa.

"Kai, me kake jira?" in ji Yaya. "Ka yi sallama ka wuce. Mota ba ƙanwarka ba ce."

Ƙwas.

Baba ya hango ni. Ya cika bakin inji da masara don ya sami sarari, ya tako. Takalman suna masa nauyi, tafiyar ba tasa ba ce. Ya tsaya a jikin ɗakin da na yi, ya ɗora tafin hannu a kan katako, ya jira. Ya cire. Ya dubi jakata, ya dubi agogon a hannuna, sannan ya dubi bakina, inda ya saba samun labari.

Matan suka juyo. Yaya ma.

"Auta," ya ce, da muryar nan tasa da yanzu ta fi ta injin ƙarfi. "Kai da kake ji. Lafiya yake tafiya?"